Barkwanci Bayan Furfura: Yadda Dattijo Zai Koyi Ba Yara Dariya a Zariya

Shekara 35 na yi ina koyarwa a firamare. Da na ajiye alli, tsawon yini ya fi jiran fansho damuna. Ka dawo daga masallaci, ka karya, ka fita majalisa, kafin azahar an gama zancen siyasa da tsadar taki, sauran yinin kuwa yana nan zube a gabanka. Ana cikin haka jikata 'yar shekara huɗu ta kwanta zazzaɓi, kwana biyu ba ta sa komai a baki ba. Na shiga duba ta, na ɗebo koko a cokali na nufi bakinta, sai na sa cokalin ya kauce ya nufi kunnena. Na tsaya na harare shi, na yi masa faɗa ƙasa-ƙasa, na sake miƙawa, ya sake kaucewa ya nufi hulata. A karo na uku ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo hannu ta ce, "Kawo, Kaka, ni zan nuna maka." Ta shanye kofin da kanta. Uwarta tana bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi.

Daga ranar na ɗauki abin da gaske. Yau shekara biyar ke nan, kuma abokai da dama da suka yi ritaya suna tambayata ta ina ake farawa. Ga yadda na bi, da yadda nake ba kowa shawara ya bi.

Fara da gida, kafin hula da jan hanci

Abin da ke tsayar da dattijo a wannan harka ba gwiwa ba ce, bakin mutane ne. Za a ce girma ya faɗi. Saboda haka kafin ka sayi ko da zare, zauna da uwargida ka faɗa mata abin da kake nufi, sannan manyan 'ya'yanka. Ka ba su dama su faɗi iyakar da za su iya ɗauka. Babbar 'yata cewa ta yi, "Baba, mun yarda, amma ban da inda surukanmu suke zaune." Magana ce mai kyau, kuma har yau ban ƙetare ta ba. Akwai kunya tsakanin mutum da surukinsa, wasa bai kai a zubar da ita ba.

Sai ɓangaren addini, wanda bai kamata a bar shi a duhu ba. Manzon Allah (SAW) yana yin raha, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya, kuma an ruwaito yadda yake zolayar Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, game da ɗan tsuntsunsa. A ɗaya gefen, aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, kuma akwai hadisi mai tsoratarwa a kan wanda ke shirga ƙarya don ya ba mutane dariya. Ka kai wa malaminka maganar, ka bayyana masa ainihin abin da za ka riƙa yi. Ni dai iyakokin da na ɗaura wa kaina su ne: ba na kwaikwayon mai in'ina, ko gurgu, ko makaho, ko mai taɓin hankali, ba na shigar mata, ba na taɓa allo, carbi ko karatu a cikin wasa, ba na ƙirƙirar labari a kan wani mutum na gaske, kuma da an kira sallah an tashi.

Ka san gidan da ka shiga

Wasu na zaton wannan abu daga Turai ya zo. Jan hancin ne kawai nasu, wato ɗan ƙwallon nan ja da masu barkwancinsu ke ɗaurawa a hanci. Ƙasar Hausa ta daɗe da 'yan kama, waɗanda ke ɗaukar waƙar fitaccen mawaƙi su juya ta ta koma zancen tuwo da fura, mutane na faɗuwa don dariya. Fadojin sarakuna sun san wawan sarki, mai faɗin abin da fadawa ba su isa su faɗa ba. Ga tashe da yara ke farawa daga goma ga azumi. Ga wasan da ke tsakanin Zagezagi da Kanawa, da na taubasai, da na jika da kaka. A zamanin rediyo da talabijin kuma mun ga marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017, da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya yi aikin soja ya kuma mayar da rayuwar bariki abin dariya, ya rasu a 2023. Duk wanda ya kalle su ya san ba ihu ne ya ɗaukaka su ba, iya tsayawa ne da iya kallo.

Wasan jika da kaka shi ne ƙofarka. Al'ada ta riga ta ba tsoho lasisin wasa da yaro, lasisin da uban yaron ma ba shi da shi. Lura kuma da tashen Tsoho da Gemu: yara na manna auduga a haɓa, su ranƙwafa, su riƙe sanda, don sun san siffar tsoho na jan ido. Abin da suke nema da auduga kai Allah ya ba ka shi. Tafiyarka a hankali, da haƙurinka, da fuskar da ta ga duniya, jari ne da matashi ba zai saya a kasuwa ba.

In kana da hali, leƙa Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen nazarin wasan kwaikwayo, da dandalin nan na ginin ƙasa da aka yi a shekarun 1970, inda ɗalibai ke nuna wasanninsu. Ka tambayi ranar da za su yi wasan da kowa ke iya shiga, ka je ka zauna. Kada ka bi labarin kawai. Ka duba yadda suke shigowa, inda suke tsayawa, da yadda suke jira dariya ta lafa kafin su ci gaba.

Jiki

A nan ba na sassautawa. Je asibiti a auna hawan jini da suga, ka gaya wa likita za ka riƙa motsa jiki na minti 15 zuwa 20 a tsaye. Sannan ka cire faɗuwa daga lissafinka gaba ɗaya. Jozef Girimaldi, wanda ake ɗauka uban wannan sana'a a Ingila, tsalle-tsalle da faɗuwa ne suka lalata masa jiki, har ya bar dandali a 1823 yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya rasu a 1837. Wanda ya fara tun yana yaro ke nan. Ƙashin ƙugun ɗan shekara 60 in ya karye, jinyarsa doguwa ce. In wasa na bukatar a faɗi, hula ta faɗi, sanda ta faɗi, kai kana tsaye.

Kullum da safe ka ba jiki minti goma: juya wuya a hankali, kafaɗu, wuyan hannu, sannan ka riƙe bayan kujera ka tsaya da ƙafa ɗaya kana ƙirga goma, ka sauya. Fuska ma a motsa ta a gaban madubi: mamaki, tsoro, jin kunya, murna, kowanne ka riƙe shi na ɗan lokaci. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke kan ganiyarsa, kada ka karɓi wasan tsakar rana. Hantsi ko bayan la'asar, kuma a inuwa. Da hunturu kuma ƙura ke kama maƙogwaro, sai ka riƙe ruwan ɗumi ka rage magana.

Gina mutumin da za ka riƙa shiga

Wannan ne sirrin da ke tsare mutunci. Ba kai ne ke wauta ba, wani ne da ka gina, mai sunansa da tafiyarsa da rigarsa. In ka tuɓe rigar ka koma Malam wane, kuma yara na gane bambancin fiye da manya. Nawa sunansa Baba Na-Makara: kullum sauri yake yi zai je ɗaurin aure, kullum wani ƙaramin abu na tsare shi.

Ka ba naka buri guda ɗaya tak. Mai son a ce shi gwani ne, ko mai tsoron kaza, ko mai neman inda zai zauna ya huta. Daga burin tafiyarsa za ta fito. Ka gwada a tsakar gida: tafiya da ciki a gaba, tafiya da hanci a gaba, gajerun taku da sauri, dogayen taku a hankali. Wadda ta sa na cikin gida suka ɗago kai suka yi murmushi, ita ce taka.

Kayan sawa ba sa bukatar kuɗi mai yawa. Shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Sabon Gari ka nemi kwat da ta fi ƙarfinka, da wando mai ɗan gajarta, da safa kala biyu. Ko ka kai wa tela ragowar atamfofi ya haɗa maka riga mai manyan aljihu huɗu, don aljihu shi ne rumbun mai barkwanci. Malfa ta fi kowace hula daɗin wasa, tana da baki da za a kama, tana kuma mirginawa. Takalmi kuwa ya zama daidai ƙafarka, mai kama ƙasa. Manyan takalman da kake gani a hoton masu barkwancin Turai tarkon tuntuɓe ne. Rawani da alkyabba ka bar su inda suke. A Zazzau kayan sarauta ba abin wasa ba ne, kuma ba ka bukatar rigimar da za su jawo.

Hanci: ka sami ƙwallon tebur, ka yanke gefe ɗaya daidai hancinka, ka liƙa filasta a bakin yankan don kada ya yanke ka, ka huda ƙananan ramuka biyu a ƙasa don numfashi, ka shafa masa ja ta waje kawai, ka ɗaura siririyar roba. Fentin fuska ban ba ka shawara ba. Zufa na narkar da shi, ƙananan yara na tsoronsa, kuma mai maiƙon nan sai ka sha wanki kafin ruwan alwala ya taɓa fata. Hanci da malfa sun wadatar.

Haɗa wasan farko

A nan masu farawa ke ɓata, don suna zaton sai sun haddace labaran ban dariya. Ba haka ba ne. Ka ɗauki ƙaramin aiki da kowane yaro ya iya, ya gagari mutumin naka, shi kuma ya ɗauki abin da muhimmanci kamar ransa. Bari in ba ka wasan tabarma, wanda shi na fi yi, ka fara da shi.

Ka nemi sabuwar tabarmar roba da ta daɗe a naɗe, irin wadda in an shimfiɗa take komawa. Ka shigo da ita a hammata kana sauri. Ka tsaya. Ka kalli yara, ka yi musu sallama da hannu, ka nuna musu da fuska cewa ka gaji, zama za ka yi. Ka shimfiɗa, ka juya za ka cire takalmi, ta naɗe. Kada ka gani da wuri. Yara za su fara ihu, "Baba, ta naɗe!" Ka kalle su tukuna, kamar ba ka gane ba, sannan ka juya a hankali ka ga tabarma, sannan ka sake kallonsu. Wannan kallo na biyu shi ne inda dariyar take. Ka ƙirga uku a zuci kafin ka motsa.

Karo na biyu ka danne gefe ɗaya da malfa, ka tafi ɗaya gefen, ta naɗe ta haɗiye malfar. Yanzu matsala ta zama biyu: ba wurin zama, ba hula. Ka nemi malfar a aljihu, a sama, a bayan wani malami da ke zaune, yara na nuna maka kana duba inda ba nan ba. Karo na uku ka canza: ka roƙi yara biyu su taka gefe-gefe, tabarma ta kwanta lafiya lau, ka yi godiya, ka gyara riga za ka zauna, sai ka duba agogon da babu a hannunka, ka tuna ɗaurin aure, ka naɗe tabarmar da kanka ka fita da sauri. Minti biyar ke nan, ba ka furta kalma goma ba.

Ka lura da abin da ke ciki. Sau biyu abu na faruwa iri ɗaya don yara su san hanya, na uku ya kauce. Yara sun fi mutumin naka sani, kuma wannan ne daɗin da suke ji: yini guda ana gaya musu ba su iya ba, yau ga babba su ke koya masa. Ba a ci mutuncin kowa ba; tabarma ce abokiyar faɗa. Da wannan awo za ka haɗa wasu: laima da ta ƙi rufuwa, rediyo da ba ya kama tasha sai an ɗora shi a ka, tsintsiya da ke bin ka a baya. Uku in sun nuna sun ishe ka shekara. Ka maimaita kowanne a ɗaki aƙalla sau 20 kafin ido ya gan shi, ka sa wani jika ya ɗauke ka a waya ka kalla. Kusan kullum abin da za ka gani shi ne ka yi sauri. Rage.

Gwaninta guda ta hannu

Yana da kyau a ƙarshen wasa mutumin naka ya iya wani abu da zai ba da mamaki. Jifa da cafe ƙwallo uku ya fi sauƙin koyo, gemu kuma ba ya hana ilimi. Ka cika tsofaffin safa uku da gero, kowace kamar girman lemon zaƙi ƙarami, ka ɗaure. Ba sa mirginawa in sun faɗi. Ka tsaya a bakin gado don kada ka yi ta sunkuyo. Fara da ɗaya: daga dama zuwa hagu, ta yi baka ta kai daidai goshi, gwiwar hannu na kusa da haƙarƙari. Kwana uku a kan wannan kawai. Sai biyu, ɗaya a kowane hannu: ka jefa ta dama, in ta kai ƙololuwa ka jefa ta hagu ta ƙarƙashinta. Kada ka miƙa ta biyun daga hannu zuwa hannu, wannan ne kuskuren kowa. In jifa, jifa, cafe, cafe ya zauna, ka ƙara ta uku a hannun da ka fi ƙarfi. Minti goma a rana ya fi awa biyu ranar Asabar. Ni sai da na yi wata biyu kafin na haɗa jifa goma a jere.

Fita gaban mutane

Jikoki da 'ya'yan maƙwabta a zaure su ne 'yan kallon farko. Daga nan sai makarantar unguwa ranar raba sakamako, ko taron yara da Sallah. Ka je wurin shugaban makaranta da kayanka na mutunci, ka gaisa, ka yi bayani, in ya yiwu ka nuna masa a waya. In a fili za a yi, mai unguwa ya sani.

Fitata ta farko a wata makaranta a Tudun Wada na yi kuskuren da ba na so ka maimaita. Na sa hanci tun daga waje, na faɗo ajin 'yan nazare da ƙarfi. Wani yaro a layin gaba ya ƙwalla ƙara ya ruga bayan malamarsa, jikinsa na rawa, wasu biyu suka kama kuka. Na cire hancin, na tsuguna daga nesa, na ce, "Yi haƙuri, abokina, ni ne, kakan su wance." Sai da aka ɗauki lokaci kafin ya leƙo. Abin ya tsaya mini a rai kwanaki. Tun daga ranar da fuskata nake shiga, in yi sallama, in zaro hancin daga aljihu su gani, in tambaye su ko in sa. Yaron da ya noƙe ba na matsa masa, ba na ko kallonsa sosai. Shi zai matso don kansa. Ba na ɗaukar ɗan kowa, ba na keɓewa da yaro, kuma dole malami ko uwa na wurin daga farko har ƙarshe. Minti 15 ya isa. Ka tashi suna son ƙari.

Asibiti sai ka ƙware

A wasu ƙasashe wannan ya zama aiki mai tsari. A 1986 Maikel Kiristansan na Big Apple Circus, wata ƙungiyar masu wasannin nishaɗi a Amurka, ya fara kai masu jan hanci ɗakunan yara marasa lafiya a birnin Niyok, a 1993 kuma aka kafa wata ƙungiya a Basalona ta ƙasar Sifaniya mai kai wasa sansanonin 'yan gudun hijira. Mu ma ga asibitin koyarwa a Shika, ga ƙananan asibitoci cikin gari, kuma duk wanda ya yi jinyar yaro ya san yadda yini ke tsawo a kan gado. Amma kada ka doshi wurin sai ka shekara kana yi, kuma sai da izinin hukumar asibiti a rubuce. Ma'aikaciyar jinya ita ke faɗin gadon da za a je da wanda za a wuce. Ka wanke hannu kafin kowane gado da bayansa, kada ka ba yaro alewa ko wani abin ci, kada abin wasa ya bi hannu-hannu, in kana mura ka zauna a gida. Murya ƙasa, motsi kaɗan. Wani lokaci wasan cokalin nan kaɗai ya isa, kuma sau da yawa uwar da ke zaune a gefen gado ta fi yaron bukatarsa.

Kuɗi, waya, da iyaye mata

Ka yanke shawara tun wuri: sadaka kake yi ko sana'a. In sana'a ce, a yi ciniki kafin ranar, a biya a ambulan. Kada ka yarda a yi maka liƙi, kuma kada ka yi wa kowa kirari, don da ka fara an mayar da kai maroƙi, alhali ba layinka ba ne. Ni makarantun gwamnati da marayu ba na karɓar komai sai kuɗin Keke Napep. Batun waya kuma, ka sani duk abin da ka yi a fili yana iya kwana a Facebook ko TikTok, don haka kada ka yi abin da ba za ka so surukinka ya gani ba, kuma kada ka sa hoton 'ya'yan mutane ba da yardar iyayensu ba.

Hajiyoyin da suka aurar da 'ya'ya su ma ƙofa a buɗe take, har ta fi tamu faɗi. Cikin gida ranar suna ko wuni, tsakanin mata da yara, kaka mai iya tatsuniya da sauya murya ta riga ta yi rabin tafiya. Faifai, muciya da ɗankwalin da ya ƙi ɗauruwa sun isa kayan aiki, matakan kuma duk ɗaya ne.

In ka dawo gida

Kafin ka kwanta ka buɗe ɗan littafi ka rubuta abu uku: inda aka yi dariya, inda aka yi shiru, da abin da wani yaro ya faɗa wanda ba ka zata ba. Na ukun ya fi daraja. Ƙarshen wasan tabarma da na ba ka ba ni na ƙirƙiro shi ba, wata yarinya ce a Gyallesu, da ta ga na gyara zan zauna, ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ɗaurin auren fa?" Na rubuta a daren. Sannan ka goge hancin da ruwa da sabulu, ka shanya rigar ta sha iska, ka naɗe tabarmar tam ka ɗaure ta da igiya, don in ta kwana a shimfiɗe gobe ba za ta naɗe ba.